Duwatsu Biyar a Bayan Rumbun Inna

Ranar da Inna ta rasu na gane cewa mutanen da ta sha yi wa faɗa da mutanen da ta sha ciyarwa duk mutane guda ne. Kafin a gama yi mata sutura zauren gidanmu ya cika, aka shimfiɗa tabarmi har gindin durumi. Masunta suka bar tarunsu a bakin kogi suka zo da laka a ƙafa. Wani tsoho a cikinsu ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, shekara talatin tana kushe kifina, amma ba ta taɓa ɗaukar na wani ba." Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, sannan ya ce a hankali, "Allah ya jiƙanta, ta iya gardama." Daga cikin gida kuma ina jiyo wata maƙwabciyarmu tana kuka tana cewa, "Yanzu wa zai zo ya cika mana gida da waƙa?"

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Inna ta riga mu. Ni ne ɗanta na fari, malamin elementare ne ni a Jahun, kuma abin da zan rubuta a nan ba duka ne zai yi mini daɗin faɗa ba.

Sana'arta bandar kifi. Tun da mahaifinmu ya rasu ta tsaya a kanta, har hayaƙi ya rine mata ido ya zauna a muryarta. Mace ce gajera mai saurin tafiya da saurin baki. In ta ga yaro da yunwa sai ta zage shi tukuna, ta ce uwarsa ba ta san aikinta ba, sannan ta cika masa hannu. Ni kuwa, da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Sai ta juya ga duk wanda ke kusa ta ce, "A gaya wa wancan abincinsa na hucewa." In babu kowa a tsakar gida, kaza ma ta isa ta aika. Na girma, na yi gemu, na haifi 'ya'ya, amma a bakinta ban wuce "wancan" ba, in ta so tsokana kuma "mai alƙalami". Na san al'ada ce, na san kunya ce, amma ba zan ɓoye ba, abin ya sha ci mini rai.

Kafin yaƙin Turawa na biyu wani baƙo ya sauka a unguwarmu a Haɗeja yana sayen fatu, yana aikawa da su tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Fari ne mai baƙin gashi, yana jin Larabci, don haka kowa ya ɗauka Balarabe ne, aka sa masa Ɗan Tarabulus. Sai da ya shekara ba a gan shi a masallaci ba aka gane Bayahude ne. Iyalinsa suna can ƙasar Libiya a bakin teku, wurin mahaifiyarsa.

Da faɗa suka fara da Inna. Ta zaɓar masa tarwaɗa mafi ƙiba a kan banda, ya girgiza kai ya nuna karfasa. Washegari ma haka. A rana ta uku ta ajiye faifai ta ce, "Kai baƙo, tarwaɗar da sarakuna ke aikowa a saya ce kake yatsina wa fuska?" Ya yi mata bayani da Hausarsa mai nauyi, cewa a addininsu kifin da ba shi da ɓawo a jiki haramun ne. Sai Inna ta ce, "To ai sai ka faɗa tun farko. Mu ma muna da abin da ba ma ci." Daga baya ta gano ba ya hura wuta ranar Asabar, komai yunwa. Tun daga lokacin duk yammacin Juma'a sai ta aika masa da akushi a rufe, wanda zai kai shi gobe, tana mita wai wane irin addini ne wannan mai hana mutum tuwo da zafi.

Da yaƙi ya ɓarke, wasiƙun gida suka daina zuwa masa. Ya jira shekara, ya jira biyu, ya rame. Sai bayan an gama yaƙin, lokacin da sojojinmu suka fara dawowa, takarda ta iso daga wani maƙwabcinsu da ya tsira. Ina gida hutu a lokacin. Da hantsi muka ga Ɗan Tarabulus zaune a ƙasa a ƙofar shagonsa, ba takalmi, ya yage gaban rigarsa.

Abin da takardar ta ce shi ne, hukumar da ke mulkin ƙasar ta bi gida gida ta kwashe Yahudawan garinsu a manyan motoci, ba don sun yi wa kowa komai ba, sai don su Yahudawa ne. Aka kai su wani sansani a cikin hamada aka kewaye da waya, aka bar su da yunwa da zazzaɓi. Mahaifiyarsa ta fara tafiya, sai 'ya'yansa maza biyu, sai matarsa. Ta ƙarshe ita ce 'yar autar da aka haifa bayan tahowarsa, wadda bai taɓa gani ba. Babu wanda ya san inda aka binne su. Wani a wurin ya ce ciwo ai na Allah ne. Ɗan Tarabulus ya ɗago kai ya ce, "Kashe su aka yi."

Kwana biyu yana zaune a ƙasa shi kaɗai, mutane na wucewa suna satar kallo, don ba wanda ya san yadda ake yi wa Bayahude gaisuwar mutuwa. A rana ta uku Inna ta yafa mayafi ta tafi zauren Liman. Kawuna, ƙanenta, yana wurin, shi ya ba ni labari. Ta tsaya daga waje ta ce, "Allah gafarta Malam, mutum biyar sun mutu a unguwarka ba ka taka ba." Liman ya ce ai ba musulmi ba ne, yana duba abin da littafi ya ce. Ta ce, "Duba mini babin maƙwabci, in ka same shi ina jira a nan." Kafin azahar Liman ya je, masunta suka bi shi, aka zauna da mutumin a ƙasa har ya cika kwana bakwai ɗinsa na zaman makoki.

Bayan haka sai aka riƙa ganinsa a bakin kogi yana tafe a sunkuye, yana tona yashi da sanda. Aka fara cewa ya taɓu. Inna ta tare shi ta tambaye shi abin da ya ɓata masa. Ya ce, "Dutse nake nema, Inna. Mu in mutum ya mutu ana kafa masa dutse a rubuta sunansa, don kada a ce bai taɓa zuwa duniya ba. Nawa ba su da kabari. Na ce ko dutsen na kafa musu, ga shi a garinku ko na jifan tsuntsu na rasa."

Wanda bai san ƙasar Haɗeja ba zai yi mamaki, amma gaskiya ya faɗa. Mu ba mu da dutse. Ka haƙa rijiya gaba goma, yashi ne da laka. Murhu ma da yumɓu matanmu ke gina shi. Dutsen niƙa kuwa fatake ke kawo shi a jaki daga nesa, mace ta gaje shi wurin uwarta ta bar wa 'yarta. Na Inna na kakarmu ne, da shi aka kai ta ɗakin miji.

Shi Inna ta fara ba Ɗan Tarabulus, da ɗan dutsen da ake murzawa a kai. Sauran ukun ta bi gidaje ta roƙo tsofaffin da suka cinye aka jingine. Maƙeri ya ara masa guduma da babbar ƙusa, shi kuma ya yi wata guda yana sassaƙa sunayen da rubutunsu, wanda ke tafiya daga dama kamar namu na allo amma ba mai iya karanta shi a garin nan. Manya huɗu na mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa maza. Ɗan dutsen, wanda bai fi tafin hannu biyu ba, na 'yar autar. Da ya faɗa wa Inna sunayen ta riƙe baki ta ce, "Saratu, Rahila, Dauda, Yusufu? Ai waɗannan 'yan gidanmu ne!" Na biyar ɗin ne kaɗai ba irin namu ba, sai da ya maimaita mata sau uku.

Tun daga ranar Inna ba ta sake mallakar dutsen niƙa ba. Na ce zan aika a kawo mata sabo, ta gaya wa ƙofar ɗaki cewa a gaya mini ba ta so. Sai ta ɗauki ƙwaryar dawarta ta shiga gidan wannan yau, gobe gidan wancan, ta yi niƙanta tana waƙa, ta gyara wa amare riƙon dutse, ta yi wa masu gida faɗa a kan shara. Daga zaure nakan jiyo muryarta ta haye katanga. Waƙar niƙa ce ta mata, ban taɓa tsayawa na saurari abin da take cewa ba.

Damina biyu bayan haka Ɗan Tarabulus ya tashi. Ya ce shi kansa bai san inda za shi ba, ba zai iya jan duwatsu a jirgi ba. Ya kawo su a jaki har ƙofar gidanmu ya ce, "Inna, ajiya." Ta jera su a bayan rumbunta. Ya hau jirgi a Malam Madori, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Duk safiyar Juma'a takan wanke su da ruwa, ta dafa kowanne ta faɗi sunansa. A nan muka saɓa da ita. Magana ta kai ni har Jahun cewa uwar malamin makaranta ta ajiye gumaka a bayan rumbu. Na zo gida a fusace na ce, "Inna, kina zubar mini da mutunci. A kai su kogi a huta." Ta dubi akuyar da ke ɗaure ta ce, "A tambayi mai alƙalami, ya taɓa jin na roƙi dutse ko da gishiri? Na je wurin Liman ya ce ajiya ajiya ce, ko ta waye. In shi an ba shi amana kogi yake kai wa, to ni ba haka na haife shi ba." Na fita ban ci abincin ba. Daga ranar, in na ga ta ɗauki buta ta nufi bayan rumbu, sai in bar gidan.

Shekarar da kogi ya shigo unguwa, Kawu ya kawo kwalekwalensa har ƙofar gida don a kwashe kaya. Ya ba ni labari cewa Inna ta bar tukwanenta da buhun bandarta, ta fito da ɗan dutsen a ƙugu, ta ce sai an ɗauko sauran huɗun. Kawu ya ce, "Yaya, jirgin zai nutse! Dutse ai ruwa ba ya cinsa." Ta ce, "Laka za ta binne su. An binne su sau ɗaya ba a san wuri ba, ba za a yi na biyu a hannuna ba." Sawu biyu ya yi, yana zage-zage, kifin kuma ya tafi da ruwa.

Sau uku a shekarunta na ƙarshe ta aiko mini da saƙo ta bakin matata: "A ce wa mai alƙalami ya zo ya rubuta sunayen nan a takarda, tsufa ya fara yi mini sata." Sau uku ina cewa sai an yi hutu. Ni da nake dukan 'ya'yan mutane a kan sun manta sunayen kogunan ƙasar Ingila.

Da muka dawo daga maƙabarta na zaga bayan rumbu ni kaɗai. Na dafa na farko na ce Saratu. Na ce Rahila, na ce Dauda, na ce Yusufu. Na ɗauki ɗan dutsen, bakina ya tsaya. Na juya shi, na kalli rubutun, na rufe ido, babu. Uban yarinyar ya tafi, Inna tana ƙasa, rubutun ba mai karantawa. Yarinyar da aka kashe a hamada sunanta kaɗai ya rage a duniya, ni kuma na bari ya faɗi daga hannuna saboda girman kai. Kwana biyu ina karɓar gaisuwa ina cewa amin, zuciyata tana bayan rumbu. Kunya ta hana ni tambayar kowa, kuma a ganina ba wanda zan tambaya.

Ranar sadakar uku baƙi suka ƙaru. Cikinsu akwai surukan ƙanwata daga Auyo, mata masu zafin nama, suka karɓi girkin. Tukunyar da aka aro ta fi ƙarfin murhun yumɓun gidanmu. Babbarsu, yayar mijin ƙanwata, ta zaga neman abin da za ta girka a kai, sai ga duwatsu a jere a bayan rumbu ba mai amfani da su. A ƙasar da babu dutse, wace mace ce za ta wuce su? Ta ɗauki uku ta kafa murhu, ta hura wuta.

Kawu ne ya gani da ya shiga da kifi. Ya fito zaure ya ja ni gefe ya ce, "Zo ka ga." Na tarar da tukunya na tafasa, duwatsun sun yi baƙi ƙirin, ɗaya ya tsage daga sama har ƙasa. Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na ce a sauke, na ce wane jahili ne ya yi wannan, na faɗi maganganun da bai kamata a faɗa wa baƙo a gidan makoki ba. Matar ta durƙusa tana cewa, "Wallahi Malam ban sani ba, na ɗauka na girki ne."

Kawu ya bari na gama. Sannan ya ce, "Kai da ka ce a kai su kogi, yau kai ne mai ihu? To tunda naka ne, gaya mata ko su wane ne ta ƙona."

Na ba su labarin a gajarce. Na nuna ukun da ke murhu ɗaya bayan ɗaya, da na huɗun da ke bayan rumbu, na ce, "Saratu. Rahila. Dauda. Yusufu." Na tsaya. Na ce, "Akwai ta biyar, ƙaramar. Na manta sunanta. Inna ta ce in rubuta ban rubuta ba." Na faɗa a gaban mata, hawaye na zuba a gemuna.

Matar Auyo ta ɗago kai tana kallona kamar na yi wani abin mamaki. Ta ce, "Saratu, Rahila, Dauda, Yusufu, Simaha 'yar auta?"

Na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Simaha. Ai waƙar niƙa ce, Malam. Ƙanwarka ta kawo mana ita, duk unguwarmu da ita ake niƙa. Har ƙauyukan gaba an ɗauka. Mun zaci 'ya'yan wata ne."

Simaha. Shi ne, wallahi shi ne. Ina jin sa na tuna ranar da uban ya maimaita wa Inna, ya ce ma'anarsa farin ciki. Maƙwabciyarmu mai kukan nan ta ce, "Mu ai mun san ko su wane ne. Shekara nawa tana niƙa a gidajenmu? Da ka tambaya." Sai ta fara rerawa ƙasa ƙasa, ba da murya ta biki ba, sauran mata suka karɓa, har da matata. Kawu ya ce, "Waƙa a gidan makoki?" amma bai hana ba.

Da suka kai kan Simaha sai matan unguwarmu suka yi shiru gaba ɗaya, matata ta sunkuyar da kai. Matar Auyo ba ta san dalili ba, ta ci gaba ita kaɗai da baitin ƙarshe. Baitin yana cewa, in na tafi akwai mai riƙe su. Sannan ta faɗi sunan mai riƙewar. Sunana ne, na yanka, wanda aka raɗa mini ranar suna.

Na dubi matata. Ba za ta iya faɗin sunan mijinta ba, shi ya sa duk shekarun nan take haɗiye wurin. Maƙwabciyarmu ta share ido ta ce, "A bakin dutse kaɗai take faɗinsa, kanta a sunkuye, ta yi sauri ta wuce. Tun kafin ku yi faɗan nan take faɗinsa, bayan faɗan ma ba ta cire ba."

Muka sauke tukunyar, muka jira duwatsun suka huce. Ni da matar Auyo muka wanke su da toka da yashi, na ba ta haƙuri ta ba ni. Rubutun ya fito, har na wanda ya tsage, tsagar ta bi gefen sunan ba ta taɓa shi ba. Tuwon sadaka ya makara ranar, ba wanda ya yi ƙorafi. Na rubuta sunayen da boko da ajami, na ba ƙanwata takarda ɗaya, na ba Liman ɗaya, ga su kuma a nan: Saratu, Rahila, Dauda, Yusufu, Simaha. In akwai wanda wannan rubutu zai kai gare shi da ya san wani mai sayen fatu da ya taɓa zama a Haɗeja, a gaya masa ajiyarsa tana nan.

Allah ya sanyaya makwancin Inna, ya yafe mata zafin bakinta, ya riƙe ta yadda ta riƙe amanar baƙo. Na nemi canji daga Jahun na dawo gida. Juma'ar da ta wuce na ɗauki butarta na zaga bayan rumbu, na wanke su ɗaya bayan ɗaya na kira kowa da sunansa. Daga bayan katanga wata amarya tana niƙa, ta kai kan baitin ƙarshe ta kira ni, na amsa.